"Lafiya lau" ɗin da ya kusa rusa wani baiko tsakanin Gombe da Legas

Labarin 'yar ƙanwar mahaifiyata ne wannan. Ita ta ce in rubuta amma kar in kama sunan kowa, to ba zan kama ba. Adda take ce min, kuma rabin rigimar a wayata aka yi ta, shi ya sa na riƙe lokutan abubuwan.

Yadda aka faro, 2022

Yarinyar a Pantami take cikin garin Gombe, shekararta 21 a lokacin, ta gama sakandare tana 'yan ɗinke-ɗinke a gida da keken Innarta, hijabai da kayan yara. Saurayin ɗan Kumo ne, ya ba ta shekara 8, yana Legas a kasuwar Mile 12 cikin 'yan gwari. Ba shi da kayan kansa, yaron wani dillali ne, shi ke tsayawa a kan sauke albasa da tumatir da tattasai yana lissafin buhu da kwando. A wani biki suka haɗu a Kumo. Bayan babbar sallar 2022 manyansa suka kawo kuɗin gaisuwa aka karɓa, aka ce biki sai shekara ta zagayo in ya gama ɗaki biyun da yake ginawa a gidansu. Sati biyu ya ƙara ya koma bakin nema.

Motocin kaya daga arewa cikin dare suke shiga kasuwar ko gab da asuba, saboda haka shi aikinsa daga wajen ƙarfe 2 na dare ne har rana ta take, in ya yi azahar sai barci. Ita kuma dokar gidansu ƙarfe 9 na dare a ajiye waya, ga shi ɗaki ɗaya take kwana da ƙannenta mata uku masu kunnen zomo. Lokacin da ya rage musu kenan tsakanin la'asar da magariba, daidai sanda take gaban murhu. Zuwa kuma ba wasa ba, daga Legas sai ka bi ta Lokoja da Abuja da Jos da Bauchi kafin ka ga Gombe, yini da kwana kana zaune a mota. Mahaifiyarsa, Dada, tana Kumo, ba ta da asusun banki, wayar ƙanwarsa ake kira in ana son ta.

Agusta 2022 zuwa Maris 2023: kira kullum

Abin da suka fara yi shi ne abin da kowa ke yi, kira kullum ba fashi. Minti 5 zuwa 10. Na sha zama kusa da ita ina ji, ina wuni Hamma, lafiya lau, ya gida, lafiya lau, ya su Inna, lafiya lau, ya Baba, ya ɗinki, ya zafi, duk lafiya lau, sai ita ma ta juyo da nata ya kasuwa, alhamdulillahi. Wata rana don tsokana na duba agogo, kiran minti 7 ne, 5 sun tafi a gaisuwa, sauran biyun kuma "kina jina?" da "sabis ne". Su dai a ganinsu suna zumunci sosai tunda ba ranar da ba su ji muryar juna ba.

Matsala ta farko canjin kuɗi ne ya kawo ta. An sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsabar kuɗi ta ɓace a gari, wanda ya ga lokacin ba sai an ba shi labari ba. Da can ta hannun direbobi yake aiko wa Dada kuɗin cefane, yanzu shi ma ba takarda a hannunsa, sai ya tura naira 30,000 asusun yarinyar ya ce ta ciro ta kai Kumo. Kwana 9 ta yi tana fama, ta bi layin banki tun safe a dawo ba a samu ba, masu POS kuma sai su ba ka kaɗan su yanki rabonsu mai tsoka. A gutsuttsure ta haɗa kuɗin, abin da aka yanka wajen naira 4,000 ta cike da kuɗin ɗinkinta.

Duk kwanakin nan in ya ce kin kai saƙon, sai ta ce insha Allah gobe. Na ce mata ke ki gaya masa abin da ake ciki mana, ta ce Adda kunya nake ji, kar ya ga kamar mita nake ko ina so ya ƙaro min wani abu. Ƙanwarsa kuwa ba ta ji kunyar komai ba, ta ce masa kuɗin fa har yau shiru. Shi ma bai fito ya tambaye ta ba. Kiran dai ya ragu daga kullum zuwa bayan kwana biyu, kuma ko da kuɗin ya isa hannun Dada cif, bai san ta cika da nata ba.

Yuni zuwa Disamba 2023: babbar waya da ɗan aike

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota ya bi ta. Babbar sallah ta zo 28 ga Yuni bai zo gida ba, ya ce aiki ne ya riƙe shi. Gaskiyar magana kuɗin motar ya lissafa ya ga gara ya sa a gini, ginin ma kuma ya tsaya a linta don siminti da kwano sun fi ƙarfinsa. Bai gaya mata ba.

A watan Agusta aka yi wani ruwa mai ƙarfi cikin dare, katangar gidansu yarinyar ta zube ta haɗa da ɗaki ɗaya, Allah ya tsare ba kowa a ciki. Babanta ɗan awo ne a kasuwar Tudun Hatsi, ba wani ƙarfi gare shi ba, dole adashen da Inna ta ɗauka don kayan ɗaki aka zuba a gyara. Washegari saurayin ya kira ya ce ya gida ya ruwa, tana tsaye a kan ɓaraguzai ta ce lafiya lau, ruwa ya yi gyara. To ka ga an wayi gari gida biyu ba wanda ya shirya, kowa kuma yana zaton ɗayan ya gama shi kaɗai ake jira, sai kowa ya dinga kauce wa zancen sa rana, ɗayan kuma ya fassara kaucewar da cewa an fara sanyi da shi.

Da ya ga hirar tasu ta zama lami sai ya ɗauka laifin waya ne. A Satumba ya aiko mata da babbar waya ta hannun wani direba, a dinga WhatsApp ana ganin juna a bidiyo. Sati biyu aka yi ana murna. Bidiyon bai yiwu ba, don duk inda ta zauna ƙanne na leƙe, Baba kuma ba ya son ganin yarinya tana wa waya dariya, ga data tana ƙarewa kamar ana zuƙe ta. Sai wayar ta kawo sabuwar fitina ma, ƙarfe 11 ko 12 na dare sai ya gan ta onlayin, ya tura saƙo ba amsa. Ashe ƙaninta ne ke zare wayar daga inda Inna ke ajiyewa yana kallon ƙwallo da TikTok. Ya tambaye ta sau ɗaya a fakaice, kina barci da wuri kuwa, ta ce sosai ma, kuma gaskiya ta faɗa, shi kuma ya rubuta ta a ƙarya.

Dabara ta biyu ɗan aike. Yana da aboki mai keke napep a Gombe, ya ce ya dinga leƙawa yana gaishe su yana kawo masa labarin gida. Abokin ba mugu ba ne amma daga ƙofar gida yake ganin komai. Sau biyu a Disamba ya ga wata mota a fake, ya buga ya faɗa. Motar gaskiya ce, wani ne Baffanta ya turo don yana ganin na Legas ɗin wasa yake, amma yarinyar ko zaure ba ta taka ba, cewa ta yi kanta ke ciwo duka biyun. Wannan rabin bai isa Legas ba. Ita ma ba ta gaya masa ba, wai kar ransa ya ɓaci a banza.

Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris 2024: shirun kwana 19

An ba da wa'adin 28 ga Fabrairu 2024 cewa duk layin da ba a haɗa da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa ba za a rufe. Layin yarinyar tun tana makaranta yayanta ya yi masa rajista da sunansa, shi kuma ba ya gari, sai kawai aka tashi layi ba ya kira ba a samunsa, data ma ba ta hawa. Saurayin ya kira ya kira ba ya shiga, ya tura saƙo a WhatsApp alama ɗaya ta tsaya. Da ma ga zancen onlayin ga zancen mota a ransa, ya gama yanke hukunci cewa bulokin ɗinsa ta yi.

Ta zo wurina ta ari waya ta kira shi sau biyu bai ɗaga ba. Daga baya muka ji ashe lokacin akwai mai binsa bashin kuɗin albasa, ya daina ɗaga baƙuwar lamba. Ita kuma ta ce shikenan Adda tunda ya ƙi ɗauka ya san ni ce. Ni ma a nan na yi nawa sakacin, na rubuta masa bayani a WhatsApp ranar 14 ga Maris, ranar nan da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala sabis ya rikice a ƙasar, saƙon ya maƙale, ga azumi ga aiki na manta ban koma na duba ba, daga baya ma na ga ashe tsohuwar lambarsa na tura wa. Yana da lambar Inna fa a wayarsa tun 2022. Ko sau ɗaya bai kira ba, wai yaya zai buga wa surukarsa waya ya ce ina 'yarki.

An ɗauki azumi 11 ga Maris. Aka yi sati ba kayan shan ruwa daga gidansu, ba ko barka da shan ruwa, abin da ko bara bai fasa ba. Baffa ya samu abin da yake nema, ya ce wa Baba da an sauko idi a mayar musu da kuɗin gaisuwarsu. Yarinyar ta rame, ɗinkin sallah ma da ta karɓa sai da na taya ta.

Goggonta ce ta katse shirun, yayar Baba, tsohuwa mai baki a gidan. Ran azumi na takwas ba ta yi shawara da kowa ba ta hau mota ta tafi Kumo da azuminta, ta zauna gaban Dada ta ce ku fasawa kuka yi ne ku faɗa mana. Dada ta riƙe baki, ita ɗanta ce mata ya yi an yi wa yarinyar miji mai mota. Nan take aka kira shi a wayar ƙanwarsa aka sa a sifika. Goggo ta ce kai ɗan nan, layi aka rufe, yarinya na nan inda ka bar ta, in kana so ka zo da sallah ka faɗa da bakinka.

Afrilu 2024: zaman gidan Goggo

Ya iso ana gobe sallah, an yi idi 10 ga Afrilu, kwana biyu bayan nan aka zauna a tsakar gidan Goggo, ita da ni da su biyun. Goggo ta ce kowa ya faɗi abin da ya ɓoye tun daga farko. Wallahi sai da aka fi awa biyu. A nan ya fara jin zancen naira 4,000, sama da shekara guda bayan faruwarsa, ya sunkuyar da kai ya kasa magana. A nan ya ji katanga ta faɗi, ita kuma ta ji gini na linta tun damina. Da aka zo kan onlayin na tsakar dare aka kira ƙanin ya amsa laifinsa, har Goggo sai da ta yi dariya.

Abin da aka tsayar ba shi da yawa. Kuɗi ba zai sake bi ta hannun yarinyar ba, an buɗe wa ƙanwarsa asusu, na Dada ya dinga bi ta can. Zancen rana da lefe da sadaki da duk wani mai zuwa neman aure, kawunsa na Kumo ne zai dinga magana da Baffa kai tsaye, su biyun su cire bakinsu. Wannan ya ɗaure Baffa ma, don wanda ake kira ana shawara da shi ba ya juyawa ya turo wani.

Tsakaninsu kuma aka soke kiran kullum. Bayan isha'i kafin a karɓi waya za ta shiga ɗakin keke ta yi masa saƙon murya na minti 2 ko 3, shi sai ya saurara in an sauke mota, ya mayar da nasa bayan asuba, ta ji da safe tana shara. Kira na sosai sau ɗaya a sati, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, a gidana, minti 20 zuwa 30, ba ƙanne ba murhu. Goggo ta kafa sharaɗin da ya ba mu dariya lokacin, ta ce gaisuwa an yarda a ce lafiya lau, amma bayanta dole kowa ya kama sunan abu ɗaya da ya faru a gida ko a kasuwa ranar, ko da akuya ce ta haihu. Ya ajiye lambata da suna, ita ma ta haddace ta maigidansa. Ta kuma yi sabon layi da NIN ɗinta.

Mayu 2024 zuwa Maris 2025: yadda tsarin ya riƙe

Satin farko saƙonninta duk na akuya ne da farashin masara, tana yi tana jin nauyi. A hankali bakin ya buɗe. Ta ce min magana da waya ba tare da yana ji a take ba ta fi mata sauƙi, in ta yi ba daidai ba ta goge ta sake, kuma ba mai katse ta da kina jina. A Yuli Inna ta kwanta zazzaɓi har aka ƙara mata ruwa, a daren ta gaya masa, kwana biyu sai ga kawunsa daga Kumo da lemo da kankana ya zo dubiya. Wannan zuwan ya gyara masa suna a gidan fiye da babbar wayar da ya saya. Shi ma da ruwa ya hana wata mota isowa da wuri tumatir ya ruɓe aka zaftare masa lada, ya faɗa, ba ta tambaye shi toshin babbar sallah ba.

A ƙarshen Oktoba 2024 wuta ta ɗauke a yawancin jihohin arewa, Gombe da Bauchi na ciki, fiye da mako guda ana duhu. Wurin masu caji layi, kuɗin ma sun ƙara, babbar waya ta mutu. Da a bara ne da an sake wata rigimar. Wannan karon ta karɓi 'yar rakani-kashin Inna mai riƙe caji kwana uku ta tura masa saƙon rubutu layi ɗaya cewa ba wuta, ya kira lambata ranar Juma'a kamar kullum. Har wasiƙa ta rubuta a takardar littafi ta haɗa da yaji da dakuwa, wani direban da ke ɗaukar wake zuwa Legas ya kai masa, saurayin ya ce tana cikin jakarsa har yau. Da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairu 2025 bai taɓa su sosai ba, saƙon murya ba ya cin komai in aka gwada da kiran kullum.

Kawu da Baffa suka daidaita a kan ɗaki ɗaya ya isa a fara, kayan ɗaki ma abin da ya samu. An yi ƙaramar sallah 30 ga Maris 2025, aka ɗaura aure a cikin Afrilu.

Inda ake yanzu, da abin da na gani

Ta tare a Kumo kusa da Dada, shi ya yi wata guda ya koma Mile 12, yana zuwa duk bayan wata uku ko huɗu. Nisan dai yana nan yadda yake, saƙon dare da na asuba ma suna nan, kiran Juma'a ne ya koma ɗakinta.

A nawa ganin sabis da tsadar kati da rufe layi ba su ne ciwon ba, don lokacin da suka fi kowa kira lokacin ne suka fi rashin sanin halin juna. Gaisuwarmu tana da amsa a shirye, ko gini ya faɗo maka lafiya lau za ka ce, kuma a gida hakan ba ya cutarwa don wanda ya zo taɗi zai ga katangar da idonsa, zai ga fuskarki. Wanda ke Legas ba shi da ido sai abin da aka faɗa masa, in ba a faɗa ba zai cike gurbin da rabin labarin mai keke. Babbar waya ta kasa ne don ta ƙara masa abin zargi ba ta ƙara mata wurin magana ba, ɗan aike kuma ƙofar gida kawai ya sani. Tsarin Goggo ya yi aiki don ya sauke wa yarinyar kayan da kunya ba za ta bar ta ta ɗauka ba, wato kuɗi da zancen aure, ya mayar wa manya, ya bar mata labarin gida a lokacin da ya dace da barcin kowa. Laifin na raba shi biyu amma nasa ya ɗan fi, lambar Inna na hannunsa kwana 19.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Har yanzu in bashi ya hau kansa ba ya faɗa sai ya biya, ita kuma ta gano alamar, duk ranar da saƙon asuba ya dawo sakan 20 maimakon minti 2 ta san akwai magana. Ba ta tambayarsa a saƙo, takan bari sai Juma'a.